Shatin Yatsu a Dantsen Hobart

A kwarin Little Caney, can cikin duwatsun gabashin Kentucky, kowace mace da abin da aka san ta da shi. Wata ɗinkin bargo, wata kek ɗin busasshiyar tuffa, wata kuma jan waƙa a coci har sai tsofaffi sun share hawaye. Orlena Caudill ba ta da ko ɗaya a ciki. Burodin masararta in ka jefi kare da shi sai ya yi ɗingishi, muryarta kuwa an daɗe da roƙon ta ta riƙa bin waƙa a zuci. Abin da Allah ya ba ta shi ne hannu, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta ba.

Ganye-uku ba ya kama ta. Wannan mugun tsiron da ke bin shinge da gindin itatuwa, ganyensa uku-uku yana sheƙi, wanda in ya goge ka yau jibi fatarka ta tashi da ƙuraje masu ɗurar ruwa, ka yi sati biyu kana susa kamar ka yage naman jikinka, ita Orlena da hannu tsirara take tumɓuke shi. Ta ce tana 'yar shekara shida kakarta ta naɗe ɗan tohon ganyen cikin burodi ta ba ta ta haɗiye, tun daga ranar aka yi sulhu tsakaninsu. Likitan gari ya ce wannan hauka ne, wani ya taɓa gwadawa ya kwana uku a asibiti da kumburarren maƙogwaro, ita dai jininta ne haka. Orlena ta ce likita ya ji da allurarsa.

Tunda ciwon ba ya kama ta, sai ta zama mai maganinsa. A bakin rafi akwai wata ciyawa mai kara cike da ruwa, furenta ruwan lemo yana reto, suna ce mata 'yan-kunnen-rafi. Orlena takan yanko ta dami guda, ta daddatsa, ta dafa har ruwan ya yi ja, rabi ta zuba cikin sabulun da take yi da toka da kitsen alade, rabi ta ɗura a kwalabe. Da wuta ta iso kwarin aka sayi firij, sai ta koma daskarar da ruwan ƙanƙara-ƙanƙara, a goga wa mai ƙaiƙayi ya ji sanyi har ransa. In ƙurajen sun fashe, ta kwaɓa hodar soda ta girki da tsala ta lafta. In sun ƙi bushewa, ta dafa ɓawon farin itacen ok a wanke. Ba ta karɓar ko sisi. Ladanta ɗaya ne, ka zauna a barandarta tana shafa maka magani tana gaya maka irin wautar da ka yi har ka kamu.

Wanda ya fi kowa shan wannan karatu shi ne mijinta. Hobart dogo ne, siriri, mara magana, ya yi shekara talatin a ramin kwal ya fito da tari da kuma wani irin haƙuri da ke ba mai magana haushi. Fatarsa kuwa ta jarirai ce. Kowace shekara, farkon watan Yuni, sai ya tashi da ƙurajen ganye-uku a wuya, a baya, a hannuwa, alhali ko kusa da shinge ba ya zuwa. Mutane suka yanke cewa shi iska ce ke kawo masa. Orlena ta mai da abin labarin ban dariya, tana ba da shi a ko'ina.

"Hobart? Ai shi ko a hoto ya ga ganyen sai ya fara susa," in ji ta. "Da ban aure shi ba da tuni ya sushe kansa ya ƙare, sai dai a binne takalmansa."

A kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya ci gaba da feƙe icensa da wuƙa.

Farkon Yuni kuwa shi ne lokacin gyaran maƙabarta. Kowane dangi na da tasu a kan tudu, kuma Lahadin farko ta watan ake taron tunawa da mamata: a yi wa'azi a bakin kaburbura, a sa furanni, a shimfiɗa abinci a kan dogayen katakai a ci. Asabar ɗin satin da ya gabata ake haɗuwa a yi shara da sassabe. Maza su zo da lauje da safar hannu, su share ko'ina, su bar wayar shinge da kaburburan tsofaffin da ke can gefe, inda ganye-uku ya yi gida. Wannan rabon Orlena ne. Takan naɗe hannun riga, ta jira sai idanu sun dawo kanta, sannan ta cusa hannu ta fizgo shi har saiwa. Wani lokaci ma ta goga ganyen a kumatu don matan da suka zo daga birni su yi ihu. In ta gama, ta goge hannu a rigar girkinta ta nufi gida. Sauran mutane na rige-rigen zuwa rafi da sabulu, sabulun da ita ta yi musu, amma ita ba ta wankewa. A wurinta wanke hannu bayan ganye-uku aikin matsorata ne.

Shekara arba'in da ɗaya ana haka. A ta arba'in da biyu, cikin sanyin Fabrairu, Hobart ya faɗi a wurin faskare, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya dawo daga asibiti ba ƙafa, magana kuma sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. 'Yarsu Wanda Faye ta so a kai shi gidan jinya na gari, Orlena ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Kuma gaskiya ta riƙe shi. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke wanka da ciyarwa, wata huɗu ko gyambon kwanciya ɗaya bai fito masa ba. Abokin zamansa kuwa tsohon karensa na farauta, Buck, wanda ya daɗe da daina bin komai, sai kwanciya a gefen gado da kai a ƙarƙashin lafiyayyen hannun Hobart.

Asabar ɗin gyara ta zo. Verlie, ƙanwar Hobart, ta zauna da shi, Orlena ta hau tudu ta yi abin da ta saba, har da gogawa a kumatu. Ta dawo da la'asar cikin zufa, ta tarar ya zame daga kan matashi yana numfashi da ƙyar, ga zafi, Verlie ta cire masa riga amma ta kasa ɗaga shi. Orlena ta ce, "Matsa, ke ko kaza ba ki iya ɗauka ba," ta damƙi dantsensa na hagu da hannu ɗaya, ta zura ɗayan ƙarƙashin bayansa, ta ja shi sama.

Ranar Litinin da safe ta kawo ruwan wanka, ta yaye bargo, ta tsaya. A dantsen Hobart ga jajayen layuka huɗu a jere, sun fara ɗurar ruwa, ta ciki kuma ga wani guda ɗaya mai kauri. Mutumin da wata huɗu ko baranda bai leƙa ba. Ta ajiye kwanon. Ba ta san lokacin da ta miƙa hannun dama ta ɗora a wurin ba. Kowane yatsa ya zauna a kan layinsa, har ɗan ƙaraminta da ya karkace tun tana yarinya, layinsa ma a karkace yake.

Ta juya shi, ga tafin hannunta na hagu zane raɗau a ƙasan kafaɗarsa. Nan take shekarun suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Kowace Asabar ɗin gyara takan dawo ta kwashe shanya da hannuwan nan, ta ninke rigunansa. Ta matsa masa wuya in ya ce yana ciwo. Ta rataye rigar girkin a ƙusa ɗaya da tawul ɗinsa. Man ganyen da bai iya komai da ita ba, ita ke ɗauko shi daga tudu ta kawo wa mijinta har gado, sannan ta yi sati biyu tana shafa masa magani tana yi masa dariya a gaban mutane. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa har tsakar kai, kunya irin wadda ba ta taɓa sani ba, don ita a rayuwarta ba ta saba zama mai laifi ba. Hobart na kallon silin.

Sai ga ƙarar takalmin Verlie a baranda. Orlena ta ruga kicin, ta kwaɓa soda da tsala, ta dawo ta lafta a dantsen da kauri har shatin ya ɓace. Verlie ta shigo ta tarar da ita tana haki.

"A'a! Yaya Hobart, kai da ganyen nan har a gado? Ta ina ya shigo?"

Ga amsar a bakin Orlena, kalma biyu ce kawai. Amma sai ta hango barandarta ba kowa, ta hango matan birni suna ƙus-ƙus, ta ji yadda za a riƙa ba da labarin a kowane taro har bayan ranta. Idonta ya sauka kan Buck.

"Karen nan ne," ta ce. "Ya shiga ciyawa ya kwaso a gashinsa, ya zo yana goga masa."

"Wannan? Ai ko fitsari sai an tura shi yake fita."

"To ni ƙarya zan yi miki? Ni da na shekara arba'in ina wannan aiki?"

Ba a musu da Orlena a kan ganye-uku.

Ƙaryar ba ta tsaya inda ta ajiye ta ba. Verlie ta kira Wanda Faye a waya, Wanda Faye ta zo ranar Laraba da mijinta Delmer a cikin a-kori-kurarsa, ta ce ba za a bar kare ya ƙarasa mata uba ba.

"Mama, ke da bakinki kika ce shi ne. Delmer zai kai shi gidanmu ya ɗaure a bayan rumbu."

"Ai sai a yi masa wanka kawai, ba sai an..."

"Gobe ya sake shiga ciyawa fa? Mama, in ƙurajen nan suka zama gyambo a jikin Baba, asibiti za mu koma."

Delmer ya sa wa karen igiya. Buck ya turje, faratansa na kartar katakon daɓe, Delmer ya sungume shi. Hobart ya yi wani sauti da Orlena ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, yana dukan katifa da hannun hagu, yana ƙoƙarin haɗa kalma ta ƙi haɗuwa. Wanda Faye ta shafa kansa ta ce, "Don lafiyarka ne, Baba." Orlena na tsaye a bakin ƙofa, ta cusa hannuwa cikin aljihu.

Da suka tafi ta ɗauki rigar girkin da sanda ta jefa a tukunyar wanki, ta tafasa ta sau biyu. Ta ɗauko sabulunta ta wanke hannuwa har gwiwar hannu, ta sake, ta sake, har fatar ta tsage. Ta wanke mariƙin ƙofa da bokiti da igiyar shanya. Duk wannan a ɓoye, tana leƙen hanya kamar mai satar kaza. Maganin kuwa ta yi shi yadda ba ta taɓa yi wa kowa ba: ƙanƙarar 'yan-kunnen-rafi sau biyar a yini, ruwan ɓawon ok safe da yamma. Wannan karon ba karatu, ba tsiya. Ƙurajen suka fara lafawa, amma Hobart ya daina cin abinci. In ta kawo cokali sai ya juya fuska. Hannunsa na hagu ya riƙa sauka gefen gado yana lalube, ya taɓa daɓe, ya dawo. Kwana huɗu tana kallon wannan hannun, kowane saukarsa sai ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa.

Ranar Lahadi aka sa masa farar riga mai dogon hannu, Delmer da wasu maza biyu suka ɗora shi da kujerarsa a bayan mota aka hau tudu. Maƙabarta ta yi fes, kowane kabari da furensa. Ɗan'uwa Estill mai wa'azi ya yi awa biyu yana kiran sunayen mamata ɗaya-ɗaya, mata na kuka, yara na jan rigunan iyayensu. Orlena ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da aka rufe da addu'a, aka yaye zannuwan da ke kan abinci: soyayyun kaji, wake da naman alade, burodin masara, kek hawa bakwai. Aka ajiye Hobart a inuwa a bakin katakon, mutane suka riƙa zuwa gaishe shi, kuma labarin ƙurajen ya riga shi isowa.

"Hobart, ashe ganyen nan har gaisuwar mara lafiya ya je maka?" in ji wani tsohon abokinsa na ramin kwal. "Kai, wannan ƙauna ta yi yawa!"

"Ai aikawa ya yi," wani ya karɓe. "Ya ga bai zo ba, ya ba kare saƙo."

Dariya ta tashi. Duk barkwancin nan nata ne, ita ta koya musu shi shekara da shekaru, yau ga shi yana dawowa daga bakuna goma. Hobart ya ja ɓarin bakinsa mai motsi ya yi irin murmushin da ya saba. Sai matar Ɗan'uwa Estill ta dafa kafaɗar Orlena ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ku dai ku yi dariya, amma mutumin nan ya yi dace. Ubangiji ya ba shi ciwo, ya kuma aura masa maganin. 'Yar'uwa Orlena, hannun nan naki albarka ne a kwarin nan."

Aka ce amin. Orlena ta dubi farantin da ke cinyar Hobart, cinyar kaza da wake, ko taɓawa bai yi ba. Ta ajiye nata farantin. Ta durƙusa a gabansa, ta ɓalle maɓallin hannun rigarsa, ta naɗe har kafaɗa. Ta jiƙa gefen mayafinta da ruwan sha ta goge busasshen kwaɓin. Shatin ya fito, ya yi duhu ya fara ɓawo, amma yatsu biyar ɗin nan ba wanda zai ce bai gane su ba. Ta ɗaga hannunta sama kowa ya gani, sannan ta ɗora.

Cokalin wani ya faɗi ƙasa.

"Ba kare ba ne," ta ce. "Ba iska ba ce kuma. Ni ce. Duk shekarun nan ni ke kai masa, don ban taɓa wanke hannu ba. Ranar Litinin na gani, na rufe, na ɗora wa karensa."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mata sauƙi. Matar mai wa'azi ta janye hannunta a hankali. Wanda Faye ta ce, "Haba, Mama," ta rufe baki da tafi. Verlie ce kawai ta yi magana sosai, ta ce, "Ni dai na san karen nan ko zomo ya zauna masa a hanci ba zai tashi ba." Daga nan kowa ya sami abin kallo a cikin farantinsa. Orlena ta sauke hannun rigar, ta ɓalla maɓallin. Kwalaben magani goma sha biyu da ta kawo don rabawa suna nan a kwando ƙarƙashin katako, ba ta fito da su ba, ba wanda ya tambaya.

Da za a koma ta ƙi shiga gaba. Ta hau bayan motar ta zauna a kan tayar safaya kusa da kujerar Hobart, ta buga gilashin ta ce wa Delmer, "Gidanku za mu fara biyawa, a kwance karen nan." Motar ta gangara tana tsalle a kan duwatsu, tana riƙe da kujerar kada ta zame. Da suka wuce gada ta matso kusa da shi.

"Hobart, ka yafe mini. Ban sani ba. Da na sani..."

Ya juyo da ido ya dube ta. Bakinsa ya yi ta motsi, ta matso da kunne.

"Na... sani," ya ce.

"Ka san me?"

"Ke... ce."

"Tun yaushe?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna ƙeyar 'yarsu ta cikin gilashi. Ya daɗe yana tattaro kalmomin. "Shekarar... haihuwarta. Kina... jego. Ba ki... hau tudu ba." Ya huta. "Ban yi... ƙuraje ba."

Wanda Faye ta cika talatin da huɗu a satin da ya wuce. Shekara talatin da huɗu yana zaune a baranda tana shafa masa magani tana kiran sa mai fatar jarirai, yana murmushi.

"To don me ba ka faɗa ba? Don Allah, Hobart, don me?"

Ya ɗaga kafaɗar da ke ɗaguwa. Babu fushi a fuskarsa, babu ma zargi, kuma maganar ta fito sarai fiye da duk wadda ya yi tun Fabrairu.

"Orlena... wa ya isa... ya gaya miki?"

Orlena ta ƙara damƙe kujerarsa da hannu biyu. Motar ta karya kwana ta shiga hanyar gidan Delmer, daga bayan rumbu karen ya fara haushi.